Ba da Tsoro Ake Auna Mugu Ba: Martani Daga Kafanchan

Malam, na karanta rubutunka a kan gasar ƙirƙirar mugun cikin labari da kake so makarantu da ƙungiyoyin marubuta na Kudancin Kaduna su ɗauka. Tun daga farko ina so ka san ina bayanka a kan a yi gasar. Inda muka rabu shi ne ma'aunin da ka miƙa wa alƙalai. Ka ce a ba da maki mafi yawa ga mugun da ya fi faɗar wa mai karatu da gaba. Ka ce kada a bar marubuci ya kawo abin da ya mai da shi mugu, domin a ganinka kawo dalili neman uzuri ne. Ka ce a ɗauko shi daga rayuwar da muke ciki, yadda duk wanda ya ji siffarsa zai gane ko su wa ake nufi. Sannan ka ce tilas ƙarshensa ya yi muni. In aka bi wannan ma'auni, rubutun da ya fi rauni shi zai ci kyauta, kuma a gari irin Kafanchan ɓarnar ba za ta tsaya kan takarda ba.

Saboda mai karatun da bai san inda zancen ya samo asali ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. A 1974 wani wasa ya fito a Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Mutum huɗu ko biyar ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya zama jagora. Jagoran ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa, shi ke magana da bakin duk wanda jaruman suka ci karo da shi, har da mugun. 'Yan wasa su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo a ga ko sun dace, labari ya ɗora daga nan. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ikon cewa Auta ya bi hagu maimakon dama, kuma dole mai bayarwa ya bi su. A 2007 kamfanin Paizo ya fara wata gasar rubutu ta irin wannan wasa, RPG Superstar, kuma a shekarunta na farko akwai zagayen da ake cewa kowa ya ƙirƙiro mugu, alƙalai su bayyana hukuncinsu da dalilansu a fili. Can ka samo shawararka, kuma ba laifi. Wasannin tebur ma sun fara tsayuwa a ƙasar nan, har kamfanin NIBCARD Games na Abuja ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones a 2021.

Mugun da aka rubuta don irin wannan wasa kayan aiki ne da za a danƙa wa wani. Marubucin ba ya wurin. Jagora ne zai ɗauki takardar ya zauna da yara biyar da ba su yi wa kowa alkawarin bin hanyar da aka shata ba. Marubuci ya zaci za su zare takobi, sai su ce a'a, goro za su aika masa su nemi sulhu. Ko su ce za su saye yaronsa da kuɗi. Ko su kai ƙara wurin hakimi. Ko su bi sawunsa da dare su ga gidan wa yake shiga. A kowace gaɓa jagora zai duba takarda yana neman abin da wannan mutum zai yi yanzu. In abin da ke rubuce shi ne idonsa ja wur, muryarsa tana girgiza ɗaki, ya kashe mutum 40 ko ƙiftawa bai yi ba, to jagora ya shiga uku. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai gaya masa ko mutumin zai karɓi goron, ko zai kashe yaron nasa in ya gano an saye shi, ko shi ke tsoron hakimi ko hakimin ke tsoronsa. Amsar tana cikin abin da mugun yake so, da abin da yake tsoron ya kuɓuce masa, da wanda yake jin nauyi. Wato dai dalilin nan da ka ce a hana.

Dalili daban, uzuri daban, kuma ba sai mun yi nisa wajen neman hujja ba. A garin nan, yaron da ke zuwa Islamiyya da wanda ke zuwa makarantar Lahadi duk sun san labarin Yusuf. Littattafan addinan biyu ba su ɓoye abin da ya ingiza 'yan'uwansa ba. Sun ga mahaifinsu ya fi son ƙanensu, hassada ta cika musu ciki, suka jefa shi rijiya, suka shafa wa rigarsa jinin ƙarya suka kawo wa tsohon. An gaya mana dalilinsu filla-filla, kuma ban taɓa jin limami ko fasto ya ce wannan ya wanke su ba. Haka ɗan Adamu da ya kashe ɗan'uwansa don an karɓi hadayar wancan an ƙi tasa. Alƙur'ani ya faɗi abin da ya hana Iblis sujada, wato girman kai da tinƙaho da cewa daga wuta aka halicce shi. Linjila ta faɗi farashin Yahuza Iskariyoti, azurfa 30, ta kuma nuna cewa yana cikin almajirai 12 da ake cin abinci tare. Da dalili uzuri ne, da waɗannan littattafai su ne farkon masu ɓoye shi. An bayyana shi ne don mai sauraro ya dafa ƙirjinsa ya san irin wannan hassada tana iya tsira a nan ma. Mugun da ba shi da dalili ba ya tsoratar da kowa game da kansa, don babu mai ganin fuskarsa a ciki.

Littattafanmu na Hausa ma haka suka yi tun daga gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Ɗauki Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Malam Shehu attajiri ne da ba shi da haihuwa, ya yi mafarkin cewa Zainab ce za ta haifa masa ɗa, ya sa dukiya ya raba ta da Abubakar, saurayin da take so. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wahala har ya samu, asirin ya faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba. To, wane ne mugun? Wanda ya fara zalunci da kuɗi, ko wanda aka zalunta ya lalata ran jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba? Shekara 90 ke nan ɗalibai na gardama a kan wannan, kuma gardamar ita ta raya littafin. A ma'auninka Abubakar zai faɗi warwas, don an nuna mana ciwon da ya haife shi.

Sai Wazirin Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya fitar a 1937. Ba ya kurari, ba ya zare ido. Mutum ne da ya sa rai da sarauta ganin Sarki Abdurrahman ba shi da ɗa namiji, sai aka haifi Musa, buri ya rushe. Daga nan ya haɗa baki da Sarkin Sinari, ya yi ta ƙulla yadda za a fito da yaron daga gida sa'ad da Sarki ya tafi yaƙi, aku kuma yana tsare shi da labarai dare bayan dare. Ka ba jagoran wasa wannan Waziri, zai yi wata guda yana juya shi, saboda ya san abin da yake so, ya san yana da muƙami da amanar Sarki da 'yan aike, ya san abin da ya fi tsoro shi ne asirinsa ya tonu kafin Sarki ya dawo. Ka lura kuma da inda Imam ya ajiye shi. Cikin fada yake, harshensu ɗaya da Sarki, sahu ɗaya suke salla. Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi irin wannan a Turmin Danya, wanda ya fito a 1982, inda mugun, Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwauri ne mai dukiya da ake russuna wa a gari.

Su ma masu wasan da ka kwaikwayo, mugun da ya fi daɗewa a bakinsu shi ne Strahd, wanda Tracy da Laura Hickman suka ƙirƙira a 1983. Mai shan jini ne, yana da gidan sarauta a kan dutse da duk kayan tsoro, amma abin da ya riƙe shi shekaru fiye da 40 shi ne cewa ya kashe ƙanensa Sergei saboda kishin budurwar ƙanen. Ka kawo Dodon tatsuniya a matsayin shaidar cewa kakanninmu sun san mugunta tsantsa. Ko Dodo yana da abin da yake so. Ciniki yake yi, ya taimake ka yau ya zo karɓar 'yarka gobe, kuma yana da wautar da ƙaramin yaro ke kayar da shi da ita. Bayan haka, Dodo ba shi da dangi a unguwar da ke tsallaken titi.

Akwai inda maganarka ta taɓa ni, kuma ba zan tsallake ta ba. Ka ce ka ga samari suna laƙaba wa kansu sunayen bos-bos na finafinai, suna kwaikwayon tafiyarsu, kana jin tsoron in aka ba mugu zuciya da tarihi yara za su so shi. Wannan damuwa ta gaske ce, duk mai ɗa ko ɗalibi ya san ta. Sai dai mu duba wane irin mugu yaran ke kwaikwayo. Suna kwaikwayon mai baƙin tabarau da yara biyu a bayansa, wanda in ya shigo kowa ke tsit, wanda ba a taɓa ganin ya ji tsoro ko ya ji kunya ko ya roƙi wani ba. Wannan shi ne ainihin mugun da ma'auninka zai ba lamba ta ɗaya. Ga yaron da ba shi da aiki, ba shi da mai sauraronsa a gida, a ji tsoronka abin sha'awa ne. Amma ban taɓa jin yaron da ya ce a kira shi Waziri don ya ji daɗin Wazirin Imam ba, ban kuma ji wanda ke son zama ɗaya daga cikin 'yan'uwan Yusuf ba. Dalili yana ƙanƙanta mugu. Yana nuna cewa ƙarƙashin rawanin da bindigar akwai hassada da kwaɗayi da ragwantaka, abubuwan da ba mai alfahari da su. In kana so ka raba yaro da son bos, nuna masa bos yana rawar jiki don bashin da ake binsa.

Yanzu ga sharaɗin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato a zana mugu yadda kowa zai gane su wa ake nufi. Malam, ka san garin da kake ba wannan shawara. Jirgin ƙasa ne ya tara mu. Tun 1927 layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa a nan, reshe ya nufi Kaduna reshe ya nufi Jos, kuma a kan ƙasar Fantswam aka samu Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Nikyob da Gwong, ga Hausawa da Fulani, ga Ibo da Yarabawa da aikin reluwe da ciniki suka kawo. Hausa ce harshen kasuwa, ita ce ta wa'azi a masallaci, ita ce ta waƙa a majami'u da yawa. A watan Maris na 1987 wani saɓani kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama tarzoma, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtua da Katsina. Waɗanda suka ƙona wuraren ibada a can ba su ga abin da ya faru a kwalejin ba. Labari suka ji, kuma a cikin labarin akwai mugu mai siffar da kowa ya gane, sai aka nemi mai irin siffar a maƙwabta aka huce a kansa. A 1992 gardamar sauya wa kasuwa wuri a Zangon Kataf ta ci rayuka a Fabrairu, ta dawo da muni a Mayu, ta tsallaka Kaduna. A 1999 rikicin sarautar Jama'a ya sake tayar da garin nan. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi kisan kan mai uwa da wabi a Zonkwa da Matsirga da wasu wurare. Kowane ɓangare yana da kaburbura, kowane ɓangare yana da labarinsa, kuma a labarin kowa mugun yana sanye da tufafin ɗayan.

To ka tsaya gaban aji ka ce wa 'yan shekara 15 su rubuto mugun da kowa zai gane, wanda ba shi da dalili, wanda ya fi ban tsoro. Na koyar da yara a ƙasar nan, na san abin da zai zo kan teburin alƙalai. Yaro daga wannan unguwa zai kawo mutum mai sanda da malfa da shanu. Yaro daga waccan zai kawo mutum mai kwari da baka yana warin burkutu. Ba ƙirƙira suka yi ba, abin da suka ji a tsakar gida suka kwafo, tsohon kaya ne tun zamanin da ake kai hare-haren kamun bayi daga Zazzau da Jama'a zuwa cikin duwatsun nan, aka yi ta ɗora masa sabon ciwo. Kuma da yake ka hana dalili, abin da zai cike gurbin shi ne asali. In aka tambayi yaron me ya sa mutumin nan yake kisa, amsar da ta rage masa ita ce, ai haka suke. Wannan jimla ita ce ta cinye mana kasuwa da gidaje. Mu ɗauke ta mu ba ta maki, mu kira iyaye mu miƙa mata kyauta a bainar jama'a? A ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Zaman bai gama ɗorewa ba, an sake zubar da jini kafin shekarar ta fita, amma dattawan da suka zauna sun yi ƙoƙarin daina yi wa juna kuɗin goro. Gasar yara ba ta da hurumin warware wannan.

Masu wasan ma da kansu sun ja da baya daga nan. A Yunin 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons a yau, ya sanar cewa zai daina nuna wasu jinsunan halittu na wasan a matsayin miyagu tun daga haihuwa, ya kuma gyara yadda aka zana wata ƙabilar matafiya a labarin Strahd saboda ta yi kama da ƙazafin da ake yi wa mutanen Roma masu yawo a Turai. Halittun ƙage ne, ba su da gida a ko'ina, duk da haka aka ga illar. Ina ga mu da wanda za a zana yake sayar mana da nono ko doya kowace safiya.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a rufe ido daga masu satar mutane da masu kai hari ƙauyuka da dare ba. Suna nan, sun sa mutane sayar da gona da gida don biyan kuɗin fansa, kuma yaron da aka kashe wa uba yana da haƙƙin ya rubuta wanda ya kashe shi da duk fushin da ke ransa. Abin da nake nema daga alƙali shi ne ya tambayi yaron yadda aikin ke tafiya. Wa ya gaya wa na cikin daji cewa wane ya sayar da amfanin gona jiya? Wa ke kai musu mai da burodi da katin waya? Wa ke sayen shanun sata, waɗanda da yawansu daga hannun makiyaya aka ƙwace su? Wa ke shiga tsakani wajen cinikin fansa, kuma nawa ne kasonsa? Da ɗan gari akan ci gari, kuma infoma ba shi da ƙabila ɗaya. Yaron da ya bi wannan zare zai ga mugunsa ya tashi daga mutum ɗaya mai bindiga ya zama sana'a mai hannaye da yawa, wasu a daji, wasu a kasuwa, wani ma ƙila a layinsu. Wannan ya fi gaskiya, ya fi ban tsoro, kuma a teburin wasa ya fi amfani nesa ba kusa ba, don 'yan wasa sun samu ƙofofi da yawa da za su ƙwanƙwasa.

Bari in zana irin wanda ni zan ba maki, na ƙage ne, ba da kowa nake ba. Dillalin citta ne. Da damina yakan ba manoma kuɗi a kan in an haƙa a biya shi da buhu, a farashin da shi ya yanka. Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki, kamar yadda ta yi wa manoman Kachia da Jaba da Jama'a a 2023, mutane da yawa sun kasa biya, shi ma kuma akwai wani babba a Legas da ya ba shi jari yana jiran kaya. Ya lura cewa duk sa'ad da hankali ya tashi aka sa dokar hana fita, masu saye daga nesa ba sa zuwa, manomi ya sayar masa da abin da ya rage a wulaƙance, mai bashi ya ba da gona. Don haka yana da yaro a tashar mota da wani a wurin masu shayi, aikinsu kawai su ce sun ji an ce. Ga wannan ɓangare ana cewa an ga baƙin fuska a bakin rafi, ga wancan ana cewa ana tara makamai a bayan gari. Bai taɓa riƙe wuƙa ba. Yana ba da gudummawa in ana ginin majami'a, yana bayarwa in ana rufin masallaci, yana zama a sahun gaba a taron sulhu, kuma yana gaya wa kansa cewa shi bai kashe kowa ba, kasuwa kawai yake karantawa. Yana da 'ya ɗaya da yake so fiye da ransa, tana koyarwa a ƙauyen da jita-jitarsa ta gaba za ta faɗa wa, shi bai sani ba tukuna. Yana da littafin bashi da in ya shiga hannun wani ya gama yawo.

Ka sa masa suna Bulus, ka sa masa Bala, ka sa masa Emeka, ba abin da ya ragu. Wannan gwaji nake roƙon kowane alƙali ya yi kafin ya ɗora biro: ya cire sunan da tufafin da addinin, ya ga me ya saura. In mutum ya saura, mai buri da dabara da rauni, marubucin ya yi aiki. In ba abin da ya saura, to lakabi aka kawo gasa.

Batun mugun ƙarshe ba zai ɗauke mu lokaci ba. A wasan tebur ƙarshe ba na marubuci ba ne, 'yan wasa da ƙwayar da suka jefa ke yanke shi, don haka ba abin da za a ba maki. A rubutaccen labari kuwa ni ma ina son in ga sakayya, kuma na yi imani ba mai zalunci ya tsira a wurin Allah. Abin da nake ƙi shi ne irin ƙarshen da muka saba gani a minti biyar na ƙarshen fim, mugu ya yi haɗarin mota, ko ya haukace, ko tsawa ta faɗo masa, ba tare da ko mutum ɗaya ya tsaya gabansa ya ce bari ba. Yaron da ya tashi da wannan yana koyon cewa aikinsa shi ne ya naɗe hannu ya jira. Gara alƙali ya duba ko marubucin ya bar hanyar da talakawa za su iya kayar da mugun da hannunsu, ta shaida, ta haɗin kai, ta wani da zai yi ƙarfin halin fito da littafin bashin, ko da abin zai ci musu wani abu mai tsada.

In za a yi gasar, a zaunar da alƙalai daga ɓangarori daban-daban, a cire sunayen yara da na makarantunsu daga takardu, a karɓi rubutu da Hausa da Tyap da Jju da Hyam da Ingilishi. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kada a tsaya ga karanta su, a ba wani jagora da bai san marubucin ba ya buga su da yara na awa ɗaya, alƙalai na kallo. Kowane alƙali kuma ya rubuta dalilin makinsa ya ba yaron, domin wanda ya kawo mai sanda ko mai kwari da baka ba abokin gaba ba ne, ɗalibi ne da ke bukatar a tambaye shi me mutumin nan yake so, ya koma ya sake tunani.

Malam, ina roƙonka ka janye sharaɗin hana dalili da na siffar da kowa zai gane tun kafin wata makaranta ta buga su a takardar sanarwa. In suna nan, ba zan tura ɗalibi ko ɗaya ba, kuma zan gaya wa iyayensu abin da ya sa. In ka janye su, ka sa sunana cikin masu jera kujeru ranar gasar.